Zanen Jikin Gwangwani

Wayar ta shigo da hantsi, Mai Sawu yana tsugune yana zuba wa kajinsa ruwa. Muryar 'yarsa ce, amma ƙasa-ƙasa, kamar wadda ta cusa kai cikin bargo.

"Baba, suna bakin shago. Sun fasa gilashi. Ina ƙarƙashin tebur."

Bai tsaya tambayar su wa ba. Ya saki butar a nan, ya fita da takalmin wanka.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana binciken laifi kafin ya ajiye kaki, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Mai Sawu. Ya sha ganin taron da ya fusata, ya san ƙararsa tun daga nesa. Abin da bai taɓa sani ba shi ne yadda ƙarar take in ɗanka ne a ciki. Da ya karya kwanar layin, ya hango su.

Mutum sun kai hamsin a gaban shagon zanenta. A gilashin da aka fasa, babban hoton da take alfahari da shi yana lilo: uwa rungume da jariri, a ƙasa an rubuta Man Lallashi. Ita ta zana shi, ita ta tsara tambarin da kalar gwangwanin, duk unguwa an sani. Yanzu kuma jarirai uku ne kwance a asibiti, man ya saɓule musu fata. Hukuma ta gwada na kamfanin ta ce lafiyarsa lau, wanda ya ƙona yaran na jabu ne. Sai dai takardar jikinsa ba ta da maraba da ta gaske, ko ɗigo. Mutane suka ce to wa ke da asalin zanen?

Telan layin, uban ɗaya daga cikin jariran, yana gaba, gwangwani a hannu ɗaya, rabin bulo a ɗayan.

"Ta fito ta ga abin da ta yi wa ɗana! Ta fito!"

Mutum ɗaya ne ya tare ƙofar, ya ware hannuwa: mai gyaran waya da kwamfuta na shagon kusa, wanda ake kira Injiniya.

"Ku ji tsoron Allah, jama'a, mace ce mai juna biyu! Ga ma mahaifinta nan. Baba, zo ta nan."

Ta ƙofar baya suka fitar da ita, Injiniya ya yafa mata rigarsa ta aiki a ka. Cikinta wata bakwai, mijinta direba yana kan hanya, kwana uku kafin ya dawo. A cikin mota ta ƙanƙame jakar kwamfutarta.

Kafin azahar Sufeto ya iso gidan. Mai Sawu ne ya koya masa aiki, shi ya sa bai iya haɗa ido da shi ba.

"Maigida, an matsa mini daga sama. Gobe da la'asar zan zo in tafi da ita. Wallahi can ma ya fi mata tsaro."

"Da wannan cikin za ta kwana a siminti?"

"Ka kawo mini wani kafin la'asar ɗin. Iyakar abin da zan iya ke nan."

*

Ya zaunar da ita a falo, ya ja kujera gabanta kamar yadda ya saba yi wa waɗanda ba jininsa ba. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka Uwata yake ce mata.

"Uwata, wa kika ba zanen nan?"

"Mutum biyu, Baba. Mai maɗaba'ar da ke buga wa kamfanin, da ƙanin Hajiya mai kamfanin, shi ke kula da talla."

"Ba za a iya ɗaukar hoton gwangwanin a kwaikwaya ba?"

"Ba zai fito haka ba. Layukan zanen uwar sirara ne kamar gashi, in aka ɗauka a hoto sai su cushe. Wannan daga asalin fayil aka buga shi."

"Ke fa? Ba wanda ya taɓa zuwa ya lallaɓe ki?"

Ta ɗago ta dube shi, idonta ya kawo ruwa.

"Har da kai, Baba?"

Ya tuna iyaye nawa suka rantse masa da Allah a kan 'ya'yansu, shi kuwa shaida tana aljihunsa. Ya miƙe ya ce wa uwarta ta sa sakata, kada ta buɗe wa kowa.

*

Maɗaba'ar tana bayan kasuwa, injin yana ta kacau-kacau, warin tawada har maƙogwaro. Mai maɗaba'ar gajere ne mai tumbi, yatsunsa shuɗi. Yana ganin Mai Sawu ya kashe injin, ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"In ni ne, Allah ya sa injin nan ya cinye hannuna!"

"Bar hannunka, yana da amfani. Takardun da suka lalace wajen bugu, ina suke zuwa?"

Mutumin ya ce masu sayar da kaya suna zuwa su kwasa don ƙunshi. Mai Sawu ya ga kamar ya kama bakin zaren. Ya sa aka zazzage buhunan a tsakar ɗaki, ya tsuguna yana tonawa har bayansa ya riƙe. Duk takardar Man Lallashi da ya ciro, an tsaga ta gida biyu da injin yanka.

"Hajiya ce ta kafa mini sharaɗi," in ji mai maɗaba'ar. "A gaban ɗan aikenta ake yankawa. Matar nan ko inuwarta ba ta yarda da ita ba."

Mai Sawu ya ciro gwangwanin jabun da Sufeto ya ara masa, ya miƙa. Mutumin ya murza takardar, ya shinshina.

"Wannan ba bugun babban inji ba ne. Ƙaramin na ofis ne, mai kyau dai. Ka sa yawu ka gani." Ya lashi yatsa ya goga, kalar ta bi yatsan. "Nawa ko a kogi ka jefa ba ya zuba."

Wannan ya wanke injinsa, bai wanke hannunsa ba. Fayil ai a aljihu ake fita da shi.

*

Mai Sawu ya samu ƙanin Hajiya a wurin ajiye motocin kamfanin, dogo mai tsadadden turare, yana ƙoƙarin rufe bayan mota da sauri. Mai gadi ya riga ya tsegunta wa Mai Sawu cewa shi da yayarsa sun yi wata biyu ba sa ga maciji, har ya ce zai buɗe nasa kamfanin ya nuna mata.

"Buɗe mana mu gani, samari."

"Kai a wa? Ai ka yi ritaya."

"Na yi. Amma Sufeto bai yi ba. In kira shi?"

Ya ɗaga murfin. Kwalaye huɗu ne a liƙe. Mai Sawu ya farke ɗaya da makulli. Sai ga sabulai, kore-kore, kowanne da hoton fuskar ƙanin Hajiya yana murmushi.

"Don Allah kada Yaya ta ji," ya ce, kamar zai yi kuka. "Nawa ne. Sati mai zuwa nake so in fitar. In ta gani za ta ce da lokacinta na yi."

"Wa ya zana maka wannan?"

"Ni da kaina."

"Ga alama," in ji Mai Sawu, ya mayar da sabulun.

A hanyar gida ya bi ta layin shagon. An rubuta da gawayi a jikin ƙofarta: MUN SAN GIDAN UBANKI. Ya tsaya yana karantawa sau uku, kamar rubutun zai canza.

*

Washegari da sassafe ya tafi asibiti. Bai so zuwa ba, amma bai taɓa rufe bincike bai ji ta bakin wanda aka cuta ba. Ya yi sa'a tela ya fita sayen magani. Matarsa tana zaune a bakin gado, jaririn an naɗe shi da bandeji daga wuya har cinya, kukansa ya dishe, sai buɗe baki kawai yake yi.

Ta gane shi. Ta juya masa ƙeya.

"'Yata, ban zo roƙon komai ba. A ina kika saya?"

Ta juyo ta dube shi.

"Wajen mai tura baro, a bakin tasha. Na gida ya ƙare. Ya ce duk ɗaya ne." Ta share hanci da gefen mayafi. "Ni ce da laifi. Na ga ba irin nawa ba ne, na saya."

"Ta yaya ba irin naki ba?"

"Na gida, yaron yana kallonka. Kullum in ina shafa wa wannan sai in nuna masa, in ce ga abokinka. Wancan kuwa barci yake. Na ce ko sabon fitowa ne, mai sa barci."

Mai Sawu ya fita baranda, ya ciro gwangwanin jabun da wani na gaske da ya saya a hanya, ya sa tabarau. Fuskar jaririn ba ta fi ƙwayar wake ba. A na gasken, ɗigo biyu baƙi, ido a buɗe. A na jabun, 'yan layuka biyu a lanƙwashe. Kwana biyu gwangwanin yana yawo a hannun hukuma da 'yan sanda da shi kansa, ba wanda ya gani sai uwar da ta saba kallon fuskar.

*

Ya ajiye su gaban 'yarsa, ya ba ta tabarau ɗinsa. Ta duba.

"Wannan zanen farko ne."

"Yi mini bayani."

"Da barci na zana shi. Na kai wa Hajiya a kwamfuta, ta duba ta ce, 'Subhanallahi, wannan ai kamar gawa, buɗe masa ido.' Na gyara, na ajiye sabon a kan tsohon. Ban buga shi ba, ban tura wa kowa ba. Mai maɗaba'a bai taɓa ganinsa ba, ƙaninta ma haka." Muryarta ta karye. "Baba, bai taɓa fita daga kwamfutata ba."

Uwarta da ke bakin ƙofa ta dafa bango. Mai Sawu ya fita ne neman wanda zai miƙa wa Sufeto, ga shi ya dawo da shaidar da ta wanke kowa ta bar 'yarsa ita kaɗai. Ya dubi gwangwanin, ya dubi rijiyar da ke tsakar gida ta taga. A wajen gidan nan, ba wanda ya san maganar idon sai matar tela. Ya daɗe yana kallon rijiyar.

Sannan ya ce, "A ranar kika gyara?"

"Ina jin... ban sani ba, wata takwas ke nan."

"Ba ni wayarki. Nemo hirarki da Hajiya."

Ta yi ta ja da yatsa. Ga saƙon Hajiya: *Kin buɗe masa idon?* Ga amsarta a ƙasa: *Ki yi haƙuri Hajiya, kwamfutar ta faɗi a mota, gilashin ya mutu. Sai jibi in an gyara.*

Mai Sawu ya zaro kwamfutar daga jaka, ya kifa ta. A gindinta akwai 'yar farar takarda a manne, ta yi dauɗa, irin wadda masu gyara ke liƙawa don kada kaya su cakuɗe. An rubuta *Mai Zane*, da kwanan wata. Ya haɗa da na saƙon. Rana ɗaya.

"A'a, Baba," ta ce a hankali. "Injiniya fa shi ya tare mini ƙofa jiya."

"Na gani. Kwanan wata kuma ba ya ɗaure mutum, sai ya ce bai buɗe ba. Ki kama bakinki a kan maganar idon. Zan gaya wa Hajiya ita ma."

*

Da azahar suka taru a ofishin Hajiya, fanka tana juya iska mai zafi. Hajiya a bayan tebur, ƙaninta a tsaye jikin taga, 'yar Mai Sawu a gefe, mai maɗaba'a yana ta share gumi. Tela ya ce sai ya shigo, Sufeto ya bar shi bayan ya laluba aljihunsa. Injiniya ya zo da 'yar jakar kayan aikinsa, don Mai Sawu ya roƙe shi ya zo ya duba musu kwamfutar a matsayin masani. Ta taga ana jin hayaniyar mutanen da suka biyo tela, suna bakin get.

Mai Sawu ya ajiye gwangwanayen a kife.

"Kafin mu fara. Akwai wanda ya lura da wani bambanci a hoton na gaske da na jabu?"

Mai maɗaba'a ya ce ban da tawada, babu. Ƙanin Hajiya ya girgiza kai. Tela ya ce da akwai, da ɗansa bai ƙone ba.

"Injiniya?"

"Ni gwauro, Baba, me ya haɗa ni da man jarirai?" Ya yi 'yar dariya. "Ko riƙewa ban taɓa yi ba. Wanda ke gilashin shagonta kawai na sani."

"To ku saurara. Hoton da ke jikin na jabu ba wanda aka ba maɗaba'a ba ne. Zanen farko ne, wanda Hajiya ta ƙi. Daga wuri ɗaya tak zai iya fitowa." Ya dafa kwamfutar. "Daga kwamfutar 'yata."

Tela ya zabura, kujera ta kife. Sufeto ya cafke shi ta ƙugu. 'Yar ta kare cikinta da hannu biyu, ta manne da bango. Mai Sawu bai kalle ta ba, don ya san in ya kalla ba zai iya ci gaba ba.

"Zanen nan kwana biyu kawai ya yi a duniya kafin a goge shi. Injiniya, taimake ni, idona ba kyau. Karanta mana takardar da ke gindin kwamfutar."

Injiniya ya kifa ta. Ya karanta. Muryarsa ta ɗan sauka a kan kwanan watan.

"Rubutun wa ne?"

"Nawa ne. Gilashi na canza mata. Ai kowa a layin ni ke masa gyara."

"Hajiya, karanta mana saƙon ranar."

Hajiya ta karanta amsar 'yar kawai, kamar yadda suka shirya.

"Kwana biyun nan duka," in ji Mai Sawu, "kwamfutar tana shagonka."

"To sai me? Ni ba na buɗe kayan mutane, Baba, tambayi kowa! Mijinta bai taɓa kwamfutar ba? Ita ba za ta iya ajiye wani kwafin ba? Jiya ni na tsaya aka kusa fasa mini kai saboda ita!" Ya juya wajen Sufeto, jijiyar wuyansa ta tashi. "Ranka ya daɗe, don an ga jariri ya rufe ido a jikin gwangwani, sai a ce ni ne?"



"Wa ya ce ya rufe ido?" in ji Mai Sawu.

Injiniya ya buɗe baki. Ya dubi gwangwanayen, suna nan a kife. Ya dubi Hajiya, ya dubi ƙofa.

Mai maɗaba'a ya miƙa hannu ya juya su, ya kai kusa da hancinsa, ya ce, "La'ilaha illallahu."

"Ban san abin da za su zuba a ciki ba," in ji Injiniya. "Wallahi ban sani ba. Hoto kawai suka nema. Duk kwamfutar da ta shigo nakan kwashe abin cikinta, in an samu mai so... Da na ji maganar yaran, na kasa barci. Shi ya sa na tare ƙofar. Ban so a taɓa ta ba."

"Amma da an tafi da ita yau, da ka yi shiru," in ji Hajiya.

Tela ya daina fizge-fizge. Ya sulale ƙasa, ya dubi matar da ya ɗaukar wa bulo jiya, ya rufe fuska da hularsa. Ta ƙofar baya aka fitar da Injiniya.

*

Kafin la'asar Sufeto ya bugo. Injiniya ya kai su ɗakin da ake haɗa man, a bayan wani gareji. Sun kama mutum biyu da duro da ƙaramin injin bugu.

"Amma Maigida, kwalayen duk wayam ne. Sun ce sun fitar da wajen gwangwani ɗari shida tun makon jiya. Sun bi motocin ƙauyuka."

Mai Sawu ya maimaita a fili. 'Yarsa ta jawo kwamfutar ta buɗe a kan teburin Hajiya. Ta jera fuskokin biyu manya-manya, ta ja jan kuros a kan mai barcin, don wanda bai iya karatu ba ma ya gane.

"Kawo nan," in ji mai maɗaba'a. "Duk aikin da ke kan inji zan sauke."

Da yamma liƙis Mai Sawu yana tasha, rungume da damin takardu masu ɗumi, tawada tana bin rigarsa. Yana bi mota-mota, yana cusa wa direbobi, yana roƙon a manna a kowace kasuwa. Wasu suka karɓa, wasu suka ɗauka talla ce suka yi fifita da ita.

A benci na ƙarshe wata mata tana jiran mota, goye da jariri, buhunta a gaba. Ta karɓi takardar ta juya ta sama da ƙasa. Sai ta tsaya. Ta zuge jaka, ta laluba, ta ciro gwangwani ta miƙa masa.

Ya nemi tabarau a aljihu, ya tuna ya bar shi a gida. Ya ɗaga gwangwanin wajen sauran hasken rana, ya matse ido. Layuka biyu a lanƙwashe.

"Kin shafa masa?"

"Ɗazu na saya, Baba. Na ce sai mun isa gida na yi masa wanka."

Ya murɗa murfin. Ledar bakin tana nan ba a huda ba. Ya zauna a gefenta a bencin, gwangwanin a tafin hannunsa.

"Wanda ya sayar miki," ya ce, "ta wace ƙofa ya fita?"

Ta nuna masa da hannu. Ya tattara takardunsa ya miƙe.